Daga ƙoƙon kai zuwa gilashi: yadda muka bi sawun dalma a ƙwaƙwalwar ɓera

A kan gubar dalma na yi aikin digirina na biyu. Duk wanda ya yi wayo a Arewa a shekarar 2010 ya ji abin da ya faru a Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta sauka a tsakar gida da kwanon abinci da hannun yara. Sama da yara 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka fara lura da yawan mace-macen ƙananan yara a ƙauyukan. Da aka zo auna jini, 'yar na'urar hannu da ake aiki da ita ba ta karanta abin da ya haura maikrogiram 65 a kowace desilita, kuma jinin yara da yawa ya wuce nan. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Waɗanda suka rayu su suka fi tsaya mini a rai: wasu sun makance, wasu sun shanye, wasu kuwa lafiyarsu ƙalau a ido amma karatu ba ya zama a kansu. Ina son in ga da idona abin da dalma ke yi wa naman ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Ba a buɗe kan yaro don a duba wannan, saboda haka ɓera ake sawa a gaba, farin ɓeran gwaji irin wanda ake kira Wistar. Malamar da ta duba aikina likitar dabbobi ce, ta ƙware a kan gane cuta a nama. Tun ranar farko ta ajiye mini ƙa'idar OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, mai lamba 424, wadda aka fitar a 1997 don gwajin guba mai taɓa jijiyoyi a ɓeraye. Ƙa'idar ta ce a yi aƙalla rukuni uku masu shan gubar, daga kaɗan zuwa mai yawa, da wani rukunin da ba a ba shi komai, shi ne ma'auni. A kowane rukuni ana son maza 10 da mata 10 don lura da halinsu, sannan a ware aƙalla maza 5 da mata 5 don binciken nama. Sai da kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji ya sa hannu tukuna aka ba mu dabbobin. A ruwan sha muka narka musu dalmar. Makonnin da suka biyo baya na awo ne da kallo: nauyi, yawan ruwan da suka sha, yadda suke taka ƙafa, ƙarfin riƙonsu idan sun kama waya, ko suna firgita da ƙara. Amfanin wannan ɓangaren shi ne yana nuna maka inda za ka fi zuba ido daga baya. Ɓeran da ke jan ƙafafun baya, laka da jijiyar cinya yake nuna maka. Mai tangaɗi kuma ƙeya.

Wanda ya koya mini aikin hannu shi ne babban ma'aikacin ɗakin gwajin, dattijon da ya yi shekara da shekaru yana yanka nama a na'ura. Kowa Baba yake ce masa, har farfesoshi. Kafin in taɓa ɓera ko ɗaya ya kira ni teburinsa, ya buɗe wani tsohon akwatin katako, ya zaro gilasai biyu masu ɗauke da siririn yankan ƙwaƙwalwa.

"Zauna, ɗana. Waɗannan biyun duk daga lafiyayyun dabbobi suke. Babu wanda ya taɓa shan komai sai ruwa."

A gilashin farko ƙwayoyin jijiya sun fito ɓul-ɓul a ƙarƙashin maikroskof, kowace da cibiyarta mai haske da ɗigo ɗaya a tsakiya. A na biyu kuwa wasu sun tsuke, sun yi duhu mai shuɗi-shuɗi, jiki da cibiya duk launi ɗaya, reshensu na sama ya murɗe, ga farin fili zagaye da kowace. Wanda bai sani ba zai rantse guba ce ta ƙona su.

Na ce, "Baba, to me ya same su?"

Ya ce, "Hannu. An ciro ƙwaƙwalwar tana ɗanya, an taɓa ta da ƙarfe, an taɓa ta da yatsa, sannan aka jefa ta a fomalin."

Wannan ita ce baƙar ƙwaya, kuma duk sauran aikin da na yi a ɗakin nan, idan aka tace shi, ƙoƙarin guje mata ne da ire-irenta. Ɗanyar ƙwaƙwalwa laushinta kamar awarar da ba a soya ba. Ɗan matsi kaɗan kafin fomalin, ruwan da ke kafe nama ya hana shi lalacewa, ya ratsa ta ya isa ya sa ƙwayoyin jijiya su tsuke su yi duhu, musamman manyan nan na saman ƙwaƙwalwa, da na hifokamfas inda ake ɗaure sabon abin da aka koya, da ƙwayoyin Purkinje na ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya. Ba sabon sani ba ne. Wani masani mai suna Jan Cammermeyer ya yi gargaɗi a kanta tun 1961. Ƙwayar da ta mutu da gaske dabba na raye daban take: jikinta yakan yi ja wur da rinin iyosin, cibiyarta ta dunƙule ko ta farfashe, kuma bayan 'yan kwanaki za ka ga ƙananan ƙwayoyin shara, maikrogiliya, sun taru a kanta suna kwashewa. Baƙar ƙwaya babu wanda ke taruwa a kanta, domin lokacin da ta yi baƙin babu sauran rai a jikin da zai aiko mata da kowa.

Abin yana damuna har yanzu, domin bayan na ga gilasan Baba na koma na duba kundayen ɗalibai da takardun bincike da dama, na yi ta cin karo da hotunan baƙar ƙwaya an ja mata kibiya an rubuta cewa guba ta lalata ta. A hoto na gaba sai a nuna wani gilashin da ƙwayoyinsa suka fito lafiya, a ce ruwan wani ganye ne ya warkar. Ban ce duka ba ne, kuma ban ce da gangan ake yi ba. Amma idan ba a faɗi yadda aka kafe naman ba, babu mai iya tabbatar da ko gubar ce ta yi ɓarnar ko almakashin mai bincike. Wanda zai je ya sha ganyen don an ce jami'a ta gwada, shi ne zai biya kuɗin wannan sakacin.

Maganin baƙar ƙwaya shi ne a kafe ƙwaƙwalwar tun tana cikin ƙoƙon kai, kafin wani abu ya taɓa ta. Hanya ɗaya ce: a bi da ruwan kafewar ta jijiyoyin jinin dabbar da kanta, ya shiga duk inda jini ke shiga. Idan ka tsoma nama a fomalin kawai, daga waje yake ratsawa, kusan milimita ɗaya a awa, tsakiya na can tana lalacewa kafin ya iso. Ta jijiyoyin jini kuwa cikin mintuna ya kai ko'ina.

Ranar da aka fara wannan aikin ɗakin ya yi tsit. Ana yi wa ɓeran allurar ketamin da zailazin har ya yi nisa a barci. Baba ba ya yarda a ɗauki wuƙa sai ya matse yatsan ƙafar dabbar da kansa ya ga ba ta motsa ba, ya taɓa gefen ido ya ga bai ƙifta ba. Yakan tuna mana hadisin da ya ce an wajabta kyautatawa a kan komai har a wajen yanka, kuma ban taɓa ganin ya bar wani ɗalibi ya yi gaggawa a nan ba. Daga nan a buɗe ƙirji, a soka allura mai dakusasshen baki a ɗakin hagu na ƙasa na zuciya, a nufi babbar jijiyar da ke fita da jini, a ɗan tsaga ɗakin dama na sama don jinin ya samu mafita. Ruwan gishiri mai ɗan hefarin, maganin hana jini daskarewa, ake fara saki, har abin da ke fitowa ya daina ja, hanta ta koma fari-fari. Sannan a juya famfo zuwa ruwan kafewa, farafomaldihaid, ɗan'uwan fomalin, kashi 4 cikin 100. Da ya shiga za ka ga ƙafafu suna karkarwa, wutsiya ta miƙe, wuya ya sandare. Tsoka ce ke amsa sinadarin, dabbar ta riga ta tafi, amma karon farko sai da na kau da kai.

Ba mu da injin turawa, saboda haka kwalabe biyu muka rataye sama da mita ɗaya a kan teburin, nauyin ruwan ke tura shi. Tsayin nan ba na wasa ba ne. Idan ya yi ƙasa, jini ya saura a ƙananan jijiyoyi, kafewa ba ta kai ba. Idan ya yi sama da yawa, ƙarfin ruwan ya buɗa fili a gefen jijiyoyin jini, a gilashi ya fito tamkar kumburin ƙwaƙwalwa, wanda shi ne ainihin abin da dalma mai yawa ke haddasawa. Ɗigon iska ɗaya a cikin tiyo kuma ya isa ya toshe hanya ya bar wani yanki ɗanye. Duk wannan a gaban taga a buɗe da fanka da takunkumi, domin tururin fomalin yana yaga ido da maƙogwaro, kuma tun 2004 hukumar binciken ciwon daji (kansa) ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam.

Ko bayan an gama, Baba ya hana a ciro ƙwaƙwalwar nan take. A cire fata, a ɗan buɗe ƙashin sama, a tsoma kan gaba ɗaya a ruwan kafewa ya kwana. "Gaggawa aikin shaiɗan ce," in ji shi. Kafewa ba ta kammala a minti goma, kuma wanda ya ciro da wuri zai iya samun baƙar ƙwaya duk da wahalar da ya sha. Washegari ake ɓantare ƙashin kaɗan-kaɗan da ɗan ƙarfen fasa ƙashi, a yanke tauraren tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwar tukuna, don idan aka bar shi yakan yanki naman yayin ɗagawa. Gaba can akwai 'yan kumburi biyu na jin ƙamshi da ke son maƙalewa a ƙashin hanci. Abin da ke fitowa a ƙarshe bai wuce giram 2 ba, fari-fari, babu ɗigon ja. Idan ka ga jan zare-zare a samansa, jinin bai fita duka ba, kuma dole ka rubuta haka a littafi kusa da lambar dabbar.

Sai yanka ta gida-gida. A da guda uku ake yi wa ƙwaƙwalwar ɓera a gwajin guba na yau da kullum. A 2013 ƙungiyar masu binciken ɓarnar guba a nama ta Amurka ta ba da shawarar a koma bakwai, daga kumburin ƙamshi a gaba har zuwa inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka. Malama ta ce bakwai za mu yi, kuma na fahimci dalili da na ga yadda kowace guba ke da gidan da take nema. Gubar taraimetiltin hifokamfas take bi. Makuri irin wanda ya halaka mutanen Minamata a Japan, wanda aka gano a 1956, ƙananan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ƙeya yake ci da ɓangaren gani. Sinadarin MPTP, wanda ya sandarar da wasu matasa masu allurar ƙwaya a Kalifoniya a 1982, wani ɗan baƙin yanki ne kawai yake kashewa a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Idan wuƙarka ba ta bi ta gidan ba, za ka rubuta cewa babu komai alhali akwai. Ana kifa ƙwaƙwalwar ne a yanka daga ƙasa, domin a can alamomin suke, kamar inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, da taswirar ƙwaƙwalwar ɓera ta Paxinos da Watson a buɗe a gefe. Dole kowace dabba a yanke ta a wuri ɗaya da 'yar'uwarta, in ba haka ba za ka gwada unguwa biyu daban ka ce guba ce ta bambanta su.

Laka kuma a wurare uku: wuya, ƙirji, ƙugu, a gicciye da kuma a tsaye. Sai 'yan ƙulle-ƙullen jijiya da ke gefen ƙashin baya, sai jijiyar cinya da reshenta na ƙwauri. Jijiya ba ta son ja ko kaɗan. A ɗaga ta a hankali ta gefe, a shimfiɗa ta a kan ɗan kati don kada ta nannaɗe.

Abin da ya biyo baya aiki ne na jira. Kaki ba ya haɗuwa da ruwa, saboda haka sai an zare ruwan naman da etanol, daga kashi 70 ana hawa har 100, a wanke etanol ɗin da zailin, sannan a jiƙa naman a narkakken kakin farafin da ke narkewa wajen digiri 56 zuwa 58. Kowane yanki na cikin ɗan akwatin roba mai huji-huji, lambarsa da fensir, don tawada wankewa take yi. Akwai injin da ke yin duk wannan da dare, amma Baba bai yarda ya sa masa ƙwaƙwalwa ba. Idan aka ɗauke wuta tsakar dare, naman zai kwana a etanol, kuma ƙwaƙwalwar da ta daɗe a etanol takan yi ƙananan ramuka a farin ɓangarenta. Ramukan nan sun yi kama da ɓarnar heksakulorofin, sinadarin da ya shiga hodar jarirai fiye da kima a Faransa a 1972 ya kashe jarirai 36. Ga wata ƙaryar ke nan da ɗakin gwaji kan ƙirƙira da kansa. Da hannu muka riƙa sauya kwalabe muna kallon agogo, kuma ba a fara wannan aiki ranar Alhamis, don kada Juma'a da ƙarshen mako su riske shi a tsakiya.

Yanka a maikrotom, na'urar yanka nama siriri, shi ne inda aka san gwani. Kauri maikron 5 ake so, wato kashi 5 cikin 1000 na milimita. Lokacin bazara dunƙulen kakin yakan yi laushi ya riƙa tattarewa a bakin wuƙa, sai an ɗora shi a kan ƙanƙara, shi ya sa da sassafe muke yi. Da hunturu kuma iska ta bushe, tsirin yankan ya riƙa tashi yana manne wa hannun riga, ga ƙura da ke sauka a kan gilashi ko da an rufe taga. Baba yakan hura wa dunƙulen numfashinsa a hankali kafin ya juya hannun na'urar, danshin bakin ya kwantar da tsirin. Daga nan a shimfiɗa yankan a ruwan ɗumi wajen digiri 45 ya miƙe, a ɗauke shi da gilashi. Ƙwaƙwalwa ta fi sauran nama saurin buɗewa a ruwan, idan ka bar ta ta daɗe sai ta tsattsage.

Na fi jin daɗin ranar rini. Hematoksilin, wanda daga itacen wata bishiya ta Amurka ta Tsakiya ake samo shi, yana ba cibiyar ƙwaya shuɗi, iyosin ya ba sauran jiki ja-ja. Da su biyun ake fara duba komai. Sai rinin kiresil mai shunayya, wanda ya samo asali daga hanyar Franz Nissl, yana fito da jikin ƙwayoyin jijiya sarai har a iya ƙirga su. Sai shuɗin Luxol, hanyar Klüver da Barrera ta 1953, wanda ke kama mayelin, wato kitsen da ya naɗe zaren jijiya yake sa saƙo ya yi gudu. Akwai wani rini mai suna Fluoro-Jade da aka fito da shi a 1997, yana sa matacciyar ƙwaya ta yi walƙiya kore a duhu, amma sai da maikroskof na musamman wanda ba mu da shi.

Wanda ya fi cin kuɗi shi ne na wani furotin mai suna GFAP. A ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke yi wa ƙwayoyin jijiya hidima, kuma duk inda aka ji rauni sukan kumbura, rassansu su yi kauri, su cika da wannan furotin. Da antibodi ake kama shi, wato sinadarin garkuwar jiki da ke manne masa, ɗan ɗigon ruwa a kwalba ƙarama da aka sayo da dala, wanda ba ya jure zafi. Firiji da janareta sun sha addu'a a makonnin nan. Fomalin da ya cece mu daga baƙar ƙwaya shi ne kuma ke rufe wuraren da antibodin zai kama idan nama ya daɗe a ciki, don haka sai an dafa gilasan a ruwan sitiret a buɗe su. Kowane zubi muna sa gilashi ɗaya da ba a ɗiga masa antibodin ba. Idan shi ma ya yi ruwan ƙasa, zubin gaba ɗaya ya tashi a banza.

Dalilin da ya sa aka nace wa GFAP shi ne lokaci. Matacciyar ƙwaya ba ta jiran mai bincike, cikin kwanaki kaɗan an kwashe ta. A 1989 John Olney ya nuna cewa maganin MK-801 yana sa ramuka a ƙwayoyin wani yanki na saman ƙwaƙwalwar ɓera cikin awoyi, kuma idan maganin bai yi yawa ba, wanda ya duba bayan kwana ɗaya ko biyu ba zai same su ba. Dabbar da ta sha guba wata da watanni, wataƙila mutuwar ta faru tun makon farko. Abin da zai saura shi ne gurbin da babu kowa, wanda ido ba ya lura da shi sai ya yi yawa, da kuma taurarin nan da suka kumbura suka ƙi komawa.

Jijiyar cinya ta sha nata aikin daban. Zailin da etanol suna narkar da wani ɓangare na kitsen mayelin, saboda haka kakin farafin ba ya nuna ta yadda ya kamata. Wani ɓangaren mun ƙara kafe shi da gulutaraldihaid, sannan osmiyam, wanda ke mayar da kitse baƙi ƙirin. Osmiyam ba a buɗe shi sai a akwatin zuƙe tururi, domin tururinsa na iya kafe fatar idon mutum yadda yake kafe nama. Bayan an jiƙa jijiyar a giliserin, sai ka zauna da allurai biyu masu tsini a ƙarƙashin madubi kana tsefe ta zare ɗaya-ɗaya. Wuya ya ƙage, ido ya yi ruwa, zaren ya tsinke ka sake. Amma idan zare ɗaya ya fito cikakke za ka ga mayelin gaɓa-gaɓa, da ɗan tsukewa tsakanin kowace gaɓa. Idan zaren cikin ne ya mutu, gaba ɗaya yake farfashewa ya zama jerin ƙwallaye, irin ɓarnar da Augustus Waller ya bayyana a 1850. Idan kuwa rigar ce kawai ta lalace, sai ka ga gaɓa ɗaya tsirara, na gaba da na baya lafiya. Wannan na biyun wani likitan Faransa mai suna Gombault ya fara kwatanta shi a 1880, kuma da dalma ya same shi a dabbobin gwaji.

A nan Malama ta ja mini kunne cewa ɓera ba mutum ba ne. A ɓera dalma rigar jijiya ta fi ci, a babban mutum kuwa zaren cikin ne ya fi lalacewa, har hannu ya saki daga wuyansa. Ta kawo misalin wasu sinadarai 'yan gidan ofganofosfet, dangin magungunan ƙwari da ke cike a kasuwanninmu, masu shanye ƙafafu makonni bayan an sha. Ɗayansu ya shanye dubban mutane a Amurka a 1930 ta wani ruwan citta da aka gurɓata, ya kuma shanye kimanin mutum 10,000 a Maroko a 1959 ta man girki. Ɓera ba ya nuna wannan shanyewar sosai, shi ya sa ƙa'idar OECD mai lamba 418 ta ce da kaza za a yi gwajin, a lura da ita kwana 21.

Karatun gilasai zubi biyu muka yi. Da farko a buɗe, mun san wane ne wane, muna ajiye na rukunin ma'auni kusa da na masu shan dalma mafi yawa don ido ya san yadda lafiyayye yake a hannunmu da rininmu. Duk abin da muka yi zargi, sai Baba ya liƙe lambobin da takarda, ya ba su sababbi da shi kaɗai ya sani, ya cakuɗa, mu sake dubawa ni da Malama kowa shi kaɗai. Ido yana ganin abin da zuciya ke so, kuma ɗalibin da ya kashe kuɗinsa da watanninsa yana son ya ga ɓarna. Abubuwa da dama da suka yi kama da bambanci a zubin farko sun watse a na biyu.

Abin da ya tsaya bayan an buɗe lambobin bai kai yawan abin da mai kallo daga waje zai zata ba. A rinin farko ƙwaƙwalwar manyan ɓerayen nan ba ta nuna jajayen matattun ƙwayoyi ba. Hakan bai saɓa wa abin da aka sani ba, domin zubar jini da kumburin da dalma ke yi a ƙwaƙwalwar ƙeya, a jariran ɓeraye masu shan nono Pentschew da Garro suka nuna shi a 1966, kamar yadda a Zamfara ma ƙananan yara abin ya fi kashewa. A rukunin da ya fi shan dalma, taurarin hifokamfas sun yi kauri fiye da na ma'auni, kuma ni da Malama duk mun ware su daidai ba tare da mun san lambobinsu ba. A jijiyar cinyarsu an samu zaruruwa masu gaɓa tsirara. A rukunin da ya sha kaɗan kuwa gilashi bai nuna komai ba, alhali awon jininsu ya nuna dalmar na nan.

Jimlar wannan rukuni na ƙarshe ita ta fi cin lokaci wajen rubutawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma yawancin abin da take yi wa yaro a ƙaramin adadi yana faruwa ne a mahaɗar ƙwayoyin jijiya, inda take shiga gurbin kalsiyam ta dagula saƙo. Wannan ba ya fitowa a yankan maikron 5. Na kai wa Malama daftarin na ce, "Ranki ya daɗe, ina tsoron wani ya karanta wannan ya ce kaɗan ba ta da illa." Ta ce to a rubuta iyakar abin da aka duba. Muka rubuta cewa a manyan ɓeraye, a matakan yanka bakwai, da rinin da muka lissafa, a lokacin da aka kafe naman, ba a ga canji a siffar nama ba a wannan rukuni, kuma wannan hanya ba ta auna aikin mahaɗar jijiya ko koyo. Muka ƙara da cewa tambayar yara tana bukatar gwaji irin na ƙa'ida mai lamba 426 ta 2007, inda ake ba uwa sinadarin tun tana da ciki har ta yaye, a bi 'ya'yan da gwajin koyo da awon sassan ƙwaƙwalwa har su girma. Dunƙulen kakin da sauran jijiyoyin Baba ya jera su a kabad da lambobinsu da kwanan wata, domin ɗalibar da ta zo bayana ta riga ta nemi izinin fara wancan gwajin, kuma za ta bukaci nawa don gwadawa.